Tambayi Bakanike: Tsohon Babur ɗin Amurka, a Fente Shi ko a Bar Shi da Fatarsa?

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan tsofaffin baburan Amurka, irin waɗanda ake tarawa a adana. Na zaɓi huɗu. Ta farko ce ta fi ɗaukar min hankali, domin mai ita yana dab da yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, shi ya sa na ba ta fili fiye da sauran.

Tambaya: Malam, ina zaune a jihar Ohio ta Amurka. Maƙwabciyata dattijuwa ce, mijinta ya rasu bara ya bar babur ƙirar Harley-Davidson na 1947 a gareji. Ta ce rabon da a tayar da shi tun wajen 1985. Fentinsa ja ne amma ya koɗe, sirdin ya tsattsage, salansa ta yi tsatsa. Ta ce in ba ta dala 4,000 in ɗauke shi. Niyyata in kai a kankare shi, a fesa masa sabon fenti ya dawo fes. Daga ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da janye hannunka. Kada ka buga masa kik, kada ka sa masa tiyo, kada kuma ka bar mai fenti ya matso kusa da shi da sanfefa. Ka ɗauki wayarka ka yi masa hoto ta kowane gefe a inda yake tsaye, da ƙurarsa da komai, har da kwalaye da gwangwanayen da ke kewaye da shi. Sau da yawa a cikin irin waɗannan kwalaye ake samun makullin asali, da littafin kamfani, da rasit ɗin ranar da aka saye shi.

Bayan nan ka durƙusa ta gefen hagu, ka haska tocila a jikin injin, ƙasa da silinda. Akwai wani ɗan fili da aka buga lamba a kai. Lambobi biyu na farko shekara ce, haruffan da ke biye kuma samfuri ne. Idan ka ga 47EL ko 47FL, to abin da ke gabanka shi ne wanda masu harkar ke kira Knucklehead, saboda murafen da ke saman silinda suna kama da gaɓoɓin yatsu idan mutum ya dunƙule hannu. EL injinsa kusan sisi (cc, ma'aunin girman inji) 1,000 ne, FL kuwa kusan 1,200. Kamfanin ya fito da wannan inji a 1936 daga masana'antarsa ta Milwaukee a jihar Wisconsin, da bawul a saman silinda, da baƙin mai da ke zagayawa ya koma tankinsa, alhali injinan da suka gabace shi suna shanye man ne kawai sai a ƙara wani. A 1947 aka yi na ƙarshe, shekara ta gaba Panhead ya gaje shi. Idan kuma 47WL ka gani, wannan ƙaramin inji ne mai sisi 750, darajarsa ba ta kai ta wancan ba, amma duk abin da zan faɗa a ƙasa ya shafe shi.

Kafin maganar fenti akwai wadda ta fi ta nauyi a wurina. In har EL ko FL ne, kuma fentin kamfani ne a jikinsa, dala 4,000 ba kuɗinsa ba ne, ko kusa. Irinsa a manyan kasuwannin gwanjon Amurka yakan haura dala 50,000, wani lokaci ya wuce haka nesa. Dattijuwar nan ba ta sani ba, kai kuma yanzu ka sani. Maƙwabciyarka ce, ga ta cikin rashi. Ka je ka gaya mata gaskiya, ka taimaka mata ta samo masanin da ba shi da niyyar saye ya kimanta shi. Ƙungiyar masu tsofaffin babura ta Amurka, wadda ake kira AMCA, tana da rassa a jihohi da dama, kuma a cikinsu ba a rasa dattijon da zai zo ya duba. Idan bayan ta ji ainihin kuɗin ta ce kai take so ka riƙe shi a farashi mai sauƙi, wannan alheri ne ta yi maka da idonta buɗe, ka karɓa ka gode.

To, fenti. Na san abin da kake gani: ja ya koma kamar ruwan ƙasa, ka ƙosa ka ga yana sheƙi. Amma sabon fenti duk mai kuɗi zai iya saye gobe, ya sake saye jibi in bai yi masa ba. Wanda aka fesa a masana'anta a 1947 kuwa, ranar da sanfefa ta hau shi ya tafi ke nan. Kuma fentin ba shi kaɗai ke tafiya ba. Babur ɗin da ba a taɓa warware shi ba shaida ce ta yadda kamfani ya haɗa shi: ta ina aka bi da waya, wane noti aka bari baƙi, wanne aka yi wa farin rufi, ina aka manna tambari. Masu gyaran tsofaffin babura kan yi tafiya mai nisa don kawai su ɗauki hoton irin wannan, su kwaikwaya a nasu. Ita AMCA ɗin, wadda aka kafa a 1954, tana lissafa babur a cikin na da idan ya shekara 35, kuma a gasarta ana auna shi ne da yadda ya fito daga masana'anta, a kan maki 100. Wanda ba a sake masa fenti ba ana duba shi a matsayinsa na asali, ba a ɗora masa laifin tsufa.

Ni kaina a jikina na koyi wannan. Shekaru da yawa baya ina taya wani tsohon bakanike aiki a garejinsa a ƙarshen mako, aka kawo masa tsohon babur ƙirar Indian Chief da ya daɗe a rumbun gona. Ya fita sayo wani abu, ni kuma na ce bari in taimaka. Na ɗauko man goge mota, irin mai ɗan yashi-yashi a ciki, na shafa a tsumma na hau goge tanki. Wurin ya fara sheƙi, raina ya yi fari. Da na ɗaga tsumman sai na ga launin zinariya a jikinsa. Ashe siririn layin ado da ke bin gefen tankin na kwashe, tsawon kamar yatsa biyu. Da ya dawo bai yi min faɗa ba. Ya kama hannuna ya ɗora yatsana a kan sauran layin da ya tsira, ya sa na bi shi a hankali. Akwai inda ya ɗan yi kauri, akwai inda ya sirance, akwai wani ɗan tudu inda mai zanen ya ɗaga burushi ya sake dangwalo fenti. Hannun mutum ne, wanda ya riga mu gidan gaskiya tuntuni. Sannan ya nuna min gefen tankin inda gwiwar mai babur ɗin ta cinye fenti har ƙarfe ya fito sumul. Har yau in na tuna wannan tsumma sai gabana ya faɗi. Garin gyaran gira na taɓa ido, kuma wanda aka kira ya cike gurbin bai iya ɓoye inda nasa ya fara ba.

Saboda haka wanki kawai za ka yi masa, shi ma da lallami. Ruwa mai ɗumi, sabulu marar ƙarfi, tsumma mai laushi, ka fara gwadawa a wurin da ido ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin madigadi. Injin wanki mai feshi da ƙarfi yana ɓamɓare fentin da ya riga ya ɗaga, yana kuma tura ruwa cikin boris. Maiƙon da ya daskare a jikin inji ka jiƙa shi da kananzir ka bi da tsohon burushin haƙori, kada ka sa burushin waya. Idan ya bushe sarai, ka shafa masa kaki zalla wanda babu abin gogewa a cikinsa, irin wanda gidajen tarihi ke shafa wa ƙarfe. Za ka yi mamakin yadda jan zai farfaɗo. Tsatsar sama-sama a bar ta, kakin zai hana ta ci gaba. Sirdin da ya tsage kada ka yar, ka cire shi ka adana, ka ɗora wani na hawa. Haka tayoyi, haka filogi, haka duk wata kusa da ka kwance: kwali ɗaya, kowane abu da takardarsa.

Tayar da injin kuma aikin makonni ne. Shekara arba'in a tsaye, baƙin mai ya zama kamar kwalta a gindin tankinsa, wani kuma ya zurara ya cika cikin injin, ringi na iya mannewa a jikin silinda. Wanda ya buga kik a haka yana iya karya ringi ko ya kankare silinda a bugu ɗaya. A cire filogi biyu, a zuba siririn mai a kowace silinda, a bar shi kwanaki. Sannan a ɗaga tayar baya, a sa babbar giya, a juya tayar da hannu a hankali a ji ko fistin yana motsi. In ya cije, a tsaya, ba a tilasta masa. A tsiyaye tsohon mai a faranti mai tsabta a duba ko da ɓurɓushin ƙarfe. A leƙa tankin fetur da tocila. Kafiretar wancan zamani, Linkert, ta tagulla ce, kuma abin da ke yawo a cikinta yana tsayar da mai na toton kwalaba ne, wanda fetur ɗin Amurka na yanzu mai gaurayen sinadarin etanol ke lalatawa, don haka a sauya shi da na zamani a adana tsohon. Wayoyinsa rufin zare ne da su, sun bushe, kuma batirinsa mai bolt 6 ne. Idan ba ka taɓa buɗe irin wannan inji ba, ka nemi wanda ya saba da shi, ka kuma gaya masa ƙarara tun a bakin ƙofa cewa ciki zai gyara, waje ba ruwansa da shi.

Akwai lokacin da sabon fenti ya halatta. In ka tarar wani ya riga ya yi masa fentin gwangwani a shekarun baya, ko tsatsa ta huda tanki da madigadi, to babu sauran abin da ake karewa, sai a yi masa cikakken gyara bisa launin shekararsa. Amma kafin ka yanke wannan hukunci ka duba ƙarƙashin tanki da cikin madigadi. Wani lokaci fentin kamfani yana nan lafiya a ƙarƙashin na gwangwanin.

Tambaya: Malam, na karanta cewa an sayar da wani tsohon babur kusan dala miliyan ɗaya a Amurka. Don Allah mene ne a jikinsa? Kuma mace kamata da ke neman inda za ta sa jarinta, wannan hanya ce?

Amsa: Hajiya, labarin gaskiya ne. A watan Janairun 2023, a gwanjon kamfanin Mecum a Las Vegas, an sayar da Harley-Davidson na 1908 a kan dala 935,000. Silinda ɗaya gare shi, da bel ɗin fata yake juya taya, kuma in kin gan shi za ki ce keke ne aka ɗaura wa inji. Abin da aka saya shi ne ƙarancinsa. Kamfanin yana da shekara biyar kacal a lokacin, 'yan ɗaruruwa ya ƙera a wannan shekara, waɗanda suka rage a duniya kuma ba su da yawa.

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya kamfanonin babur a Amurka sun haura ɗari. Motar Ford mai araha ta kashe yawancinsu, domin magidanci ya ga da ɗan ƙarin kuɗi zai ɗauki iyalinsa duka a ƙarƙashin rufi. Zuwa ƙarshen shekarun 1920 manya uku suka rage: Harley-Davidson, da Indian na garin Springfield a jihar Massachusetts wanda ya fara tun 1901, da Excelsior na Chicago. Mai Excelsior, Ignaz Schwinn, ya rufe sashen babur a 1931 lokacin karayar tattalin arziki. Indian ya daina ƙira a Springfield a 1953. Baburan da suka mutu ba wanda ya ɗauke su abin adanawa, da yawa an narkar da su a gangamin tara ƙarfe na Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ya sa Crocker, wanda aka ƙera kusan ɗari kawai a Los Angeles tsakanin 1936 da 1942, yake tsada ƙwarai, yayin da WLA na soja, wanda Harley ya ƙera dubun-dubatarsa don yaƙi, mai matsakaicin hali ma yana iya mallaka. Sunan wanda ya taɓa riƙe babur shi ma yana ɗaga shi: wani Cyclone na 1915 da ya taɓa zama na ɗan fim Steve McQueen ya haura dala 800,000 a 2015.

Batun jari kuwa, ba zan ba ki shawarar shiga ba idan riba kaɗai kike nema. Labarin da ke fita a jarida na ɗaya ne cikin dubu. Gidan gwanjo yana cire la'adarsa daga mai saye da mai sayarwa, ga inshora, ga wurin ajiya marar laima, ga bakaniken da ya san aikin, wanda ba shi da araha. Babur ba ya haihuwa a gareji. Ranar da kika matsu da kuɗi kuma ba lallai a sami mai saye a wannan makon ba. Mutane sukan biya tsada ne a kan abin da suka yi sha'awa suna samari, idan wannan tsara ta tsufa farashi na iya tsayawa cak. Waɗanda na ga sun ci riba a harkar nan, mutane ne da suka saya don suna so, suka riƙe shekara ashirin ko talatin, suka kuma san kowace kusa da ke jikin abin.

Tambaya: Na ga tallar Indian Chief na 1948 a intanet, mai shi ya ce komai na asali ne, yana so in tura kafin alƙalami yau-yau domin akwai wani mai so. Hotunan sun yi kyau sosai. Yaya zan gane ba jabu ba ne?

Amsa: Malam, cinikin biri a sama ke nan, kuma wannan "yau-yau" ɗin ita ce alamar farko da ba ta kwanta min ba. Mai kaya na gaskiya ba ya tsoron a zo a duba. Ka je da kanka ko ka biya masani ya je a madadinka. In nisa ya hana, ka nemi ya kira ka ta bidiyo yana tsaye kusa da babur ɗin, ya haska maka duk inda ka ce. Masu damfara hotunan wasu suke kwafowa, ba su da abin haskawa.

Chief na bayan Yaƙin Duniya na Biyu yana da lamba a inji da kuma a firam. Na 1948 lambar injinsa tana farawa da CDH, ta firam da 348, na 1947 kuma CDG da 347, sauran lambobin da ke biye ya kamata su zo ɗaya a wurare biyun. Idan suka saɓa, inji da firam ba tare suka baro Springfield ba. Wannan bai hana shi zama babur mai daɗin hawa ba, amma farashinsa daban ne, kuma ba a kiransa na asali duka. Ka riƙe wannan ma: kamfanin bai fitar da Chief na kasuwa a 1949 ba, ya dawo da shi ne a 1950 da babban inji da sabuwar ƙafar gaba. Harley kuma nasa tsarin daban ne. Kafin 1970 ba ya buga lambar rajista a firam, lambar inji ce shaidar babur ɗin gaba ɗaya. A ƙarƙashin injin akwai wasu ƙananan lambobi a kan ɓari biyu na kwankwason, in sun dace da juna to tare aka daidaita su a masana'anta.

Lambar ita kanta a dube ta da kyau, domin ana goge ta a buga wata. Filin da aka buga ta ya kasance da irin kaushin sauran jikin injin. In ka ga ya yi sumul fiye da kewayensa, ko ya ɗan lotsa, ko akwai sawun zarto, akwai magana. Siffar lambobin ma tana da nata salo a kowane zamani, masana suna da hotunan da suke gwadawa da su. Wannan ya wuce batun ciniki, domin a Amurka taɓa lambar abin hawa laifi ne, hukuma na iya ƙwace babur ɗin ko da kai da zuciya ɗaya ka saya.

Yanzu akwai kamfanonin da ke ƙera sababbin kayan waɗannan tsofaffin babura, daga madigadi har kwankwason inji, a fili suke sana'arsu kuma suna da amfani, don su ne suka sa dubban babura ke tafiya har yau. Matsalar tana wurin wanda zai haɗa babur da su ya ce daga rumbu ya tono shi. Tun da aka gane tsohon fenti yana tsada, har tsufan ma ana yin na jabu: a fesa fenti, a goge shi, a sa masa tsatsa da gangan. Tsufan gaskiya yana bin hankali. Fenti yana cinyewa inda gwiwa ke gugar tanki, robar taka ƙafa tana lotsawa inda diddige ke zama, saman tanki ya fi ƙasansa koɗewa saboda rana. In ka ga tanki ya tsufa amma kawunan noti ba su taɓa ganin sifana ba, ko tsatsa ta bazu daidai wa daida ko'ina kamar an yayyafa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka tafi da ƙaramin maganaɗisu, inda aka cike da foti ba ya kamawa sosai. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardar kuɗi da ita, a cikin duhu takan nuna inda sabon fenti ya haɗu da tsoho.

Sai takarda. A Amurka kowace jiha ce ke ba da takardar mallakar abin hawa, kuma dokokinsu sun bambanta a kan tsofaffi: wasu jihohin ba sa ba da ita ga abin hawan da ya wuce wasu shekaru, sai rajista da takardar ciniki. Ka tabbata lambar da ke takarda ita ce a jikin ƙarfe, harafi da harafi, sunan da ke kai kuma na wanda ke karɓar kuɗinka ne. Idan fitar da shi za ka yi daga ƙasar, kwastan na Amurka suna buƙatar a gabatar musu da shaidar mallaka aƙalla awa 72 kafin a loda shi.

Tambaya: Baba, mahaifina ya bar min Harley Panhead na 1952, yana tashi lafiya. Yayyena sun ce in ajiye shi a falo kada in hau, kada ya lalace. Ni kuma ina so in hau. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka, ɗana. Ina bayanka, da sharaɗi. Inji da aka bari a tsaye yana lalacewa a ɓoye: gaskit ya bushe, mai ya zurare daga inda ake buƙatarsa, laima ta kwanta a cikin silinda. A garin Maggie Valley na jihar North Carolina akwai gidan tarihin babura mai suna Wheels Through Time, wanda ya yi suna da cewa yawancin baburansa suna tashi, har a kan tayar da su a gaban baƙi. Tun 2010 kuma ake yin wata tafiya mai suna Motorcycle Cannonball. A karon farko babura da aka ƙera kafin 1916 ne suka taso daga Kitty Hawk a gaɓar gabas har Santa Monica a gaɓar yamma. Naka jariri ne a kansu.

Sharaɗin shi ne ka koyi halinsa a fili marar motoci kafin ka hau titi. Shekarar 1952 ita ce Harley ya fara ba da zaɓin giyar ƙafa a manyan baburansa, don haka ka duba naka. In na tsohon tsari ne, giya a hannun hagu take a gefen tanki, kuloci kuma da ƙafar hagu ake taka shi, wato a tsaye a kan gangara ƙafa ɗaya ce kawai taka. Mariƙin hagu ba ado ba ne, shi ke ja da lokacin wutar filogi baya ko gaba. Ka ja da shi baya kafin ka buga kik, in ba haka ba injin na iya mayar maka da bugun a idon sawu. Bayansa ba shi da shokazoba, sai 1958 aka sa, sifirin ɗin da ke ƙarƙashin sirdi ne kawai ke tare maka rami. Birkinsa na ganga ne gaba da baya, yana buƙatar tazara mai yawa fiye da wadda ka saba bari. Tsohon takalmin birki kuma yana iya ƙunsar asbestos, kada ka hura ƙurarsa da iska, a jiƙa a goge. Wanda ya saba da Harley ya hau Indian na da sai ya yi hattara, domin totur ɗinsa a hannun hagu yake.

Tayoyi ka sa sababbi ko da tsofaffin ba su cinye ba, roba tana mutuwa da shekaru. Ka riƙa fita da shi a ranar da babu ruwa, ka guji titin da aka zuba wa gishiri lokacin ƙanƙara. Kada ka tayar da shi minti biyu ka kashe, hakan tara masa ruwa yake yi a cikin mai da salansa. Ko dai ka yi tafiyar da zai yi zafi sosai, kamar rabin awa, ko ka bar shi. In zai daɗe a ajiye, ka rufe famfon mai, ka tsiyaye kafireta, ka cire batir, ka ɗaga shi tayoyi su bar ƙasa, ka lulluɓe shi da zanen auduga, ban da leda, don leda tana tara gumi. Akwai inshorar da ake yi wa irin waɗannan babura a Amurka inda ake amincewa da darajarsa tun farko a rubuce, ita za ka nema, kuma ka nuna wa yayyenka takardar don hankalinsu ya kwanta.

Ka sayi ɗan littafi ka ajiye tare da takardun babur ɗin. Ka zauna da yayyenka da mahaifiyarku, in tana raye, su gaya maka inda ya saye shi, da shekarar, da tafiye-tafiyen da ya yi a kansa, da dalilin wannan lotsawar da ke madigadi in akwai ta, ka rubuta da kwanan wata. Ka haɗa da duk hoton da aka ɗauke shi a kai. Daga nan duk ranar da ka sauya mai ko ka kwance wani abu, ka ƙara layi ɗaya a ƙasa.